Farin gari a jikin tsofaffin sojojin dalma: mene ne shi, kuma ta yaya ake tsayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a farkon shekarun 1960, kuma cikin abubuwan da ya dawo da su akwai wasu ƙananan sojoji na ƙarfe masu fenti, wasu a ƙasa wasu a kan dawaki, an rubuta sunan kamfanin Britains a ƙarƙashinsu. Tun muna yara suna cikin wani kabad na katako mai ƙofar gilashi wanda ba a cika buɗewa ba. Da na buɗe bayan daminar bana sai na tarar da wani farin gari a jikin wasu daga cikinsu, fentin ya kumbura yana ɓarewa, ƙafar wani doki ma ta karye da na ɗaga shi. Tsatsa ce ko fumfuna? Masu garin za su iya shafa wa masu lafiya? Wani ya ba ni shawarar in wanke su da lemun tsami ko ruwan khal, sannan in sake musu fenti. Ina neman shawararku.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kafin komai, Malam, ina roƙonka kada ka bari lemun tsami ko ruwan khal ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, domin tsamin da ke cikin khal shi ne ainihin sinadarin da ya jawo wannan ɓarna tun farko, kuma wanke su da shi zai gama da abin da ya rage. Wanda ya ba ka shawarar ya yi ta ne da kyakkyawar niyya, yana tunanin tagulla ko jan ƙarfe, waɗanda tsami kan fito da ƙyallinsu, amma kayan da ke hannunka na dalma ne, kuma halin dalma daban yake.

Kamfanin Britains na birnin Landan ya yi suna ne tun daga 1893, lokacin da William Britain ƙarami ya fito da dabarar zubin da ke barin cikin soja fanko: a zuba narkakkiyar dalma a cikin mazubi, a jira ɓangaren da ya taɓa bangon mazubin ya daskare, sannan a juye sauran tun yana ruwa. Wannan ya sa sojojinsu suka fi na Jamus araha da rashin nauyi, domin irin waɗanda kamfanin Heyde na birnin Dresden yake yi a wancan lokaci cikakkun dalma ne har ciki. Idan ka duba da kyau za ka iya ganin wata 'yar huda, sau da yawa a saman kai, wadda ta nan aka juye ragowar ƙarfen. Kamfanin ya ci gaba da wannan aiki har 1966, lokacin da ya daina yin sojojin dalma saboda ƙa'idojin kare lafiyar yara, don haka naku suna cikin na ƙarshe-ƙarshe. Amfanin sanin wannan shi ne ka gane cewa bangon jikinsu siriri ne ƙwarai, kuma iska tana shiga cikinsu inda babu fenti ko kaɗan. Abin da cikakken ƙarfe zai jure na tsawon shekaru, soja mai fanko ba zai jure ba, shi ya sa ƙafar dokin ta karye a hannunka ba tare da ka yi mata ƙarfi ba.

Garin da ka gani ba fumfuna ba ce, kuma ba irin jar tsatsar baƙin ƙarfe ba ce. Masu tara irin waɗannan kaya suna kiransa ruɓewar dalma ko cutar dalma, masana sinadarai kuma sun san shi a matsayin kabonet na dalma. Ga yadda yake samuwa. Katako, komai tsufansa, yana fitar da wani tururi mai tsami a hankali, wanda mafi yawansa asid ɗin khal ne, tare da ɗan'uwansa da ake samu a jikin tururuwa. A fili wannan tururi yakan baje ba ya cutar da komai, amma a cikin rufaffen kabad yana taruwa. Idan ya haɗu da laimar da ke kwanciya a fuskar ƙarfen, sai ya narkar da ɗan siririn rufin da dalma take yi wa kanta, ya mayar da ita wani gishiri mai narkewa. Daga nan sai iskar kabon da ke cikin iskar da muke shaƙa ta shigo, ta mayar da gishirin nan farin gari, ta kuma saki asid ɗin ya koma yadda yake, ya sake kama sabon wuri a ƙarƙashin garin. A nan haɗarin yake: asid ɗin ba ya ƙarewa a cikin aikin, juyawa kawai yake yi, saboda haka ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya cinye ƙarfe mai yawa idan aka ba shi lokaci. Kuma da yake garin ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya tura fentin daga ƙasa, ya kumbura shi, ya fasa shi, ya buɗe wa iska sabuwar hanya.

Abin da ya faru a kabad ɗinku bisa rashin sani, Turawa sun daɗe suna yinsa da gangan. Shekaru aru-aru a da an yi ta haɗa farin fenti na dalma ta hanyar da aka fi sani da dabarar mutanen Holan: a naɗe falle-fallen dalma a saka su a tukwanen da ke da khal a gindinsu, a jera tukwanen a binne su cikin kashin doki ko ɓawon itacen jima, wanda ruɓewarsa take samar da ɗumi da iskar kabon, a bar su kamar wata uku, sannan a fito da su a kankare farin garin. Tsami, ɗumi, laima da rufaffen wuri su ne kayan aikin, kuma dukkansu kabad ɗin katako yana tara su a lokacin damina. Zafi yana ƙara yawan tsamin da katako yake fitarwa, laima kuma tana ƙara shi tana kuma ba shi wurin aiki a jikin ƙarfen, don haka ba abin mamaki ba ne a ce bayan damina ka lura da abin, ko da yake ya daɗe da farawa a ƙarƙashin fenti.

Game da ko masu garin za su shafa wa masu lafiya, amsa ita ce ba su yaɗa shi irin yadda cuta take yaɗuwa tsakanin masu rai, domin babu wata ƙwaya mai rai a cikin lamarin. Dalilin da ya sa ake ganin kamar yana yaɗuwa shi ne dukkansu iska ɗaya suke shaƙa, sai dai wasu sun fi wasu saurin kamuwa. Bambancin yana zuwa daga abu biyu. Na farko shi ne haɗin ƙarfen: dalma tsantsa ta fi saurin lalacewa, wadda aka haɗa da kuza mai ɗan yawa kuma ta fi juriya, kuma masana'antun wancan zamani ba kullum haɗinsu yake zama iri ɗaya ba, har a cikin akwati guda. Na biyu shi ne lafiyar fentin, domin fenti mai ƙyalli da bai fashe ba kariya ce, ɓarnar kuma takan fara ne daga inda ya ɗan ɓalle, ko ƙarƙashin gindi, ko cikin fankon. Duk da haka ina ba da shawarar a ware masu garin, saboda garin yana riƙe da ragowar tsami da laima, kuma bai dace ya zuba a kan sauran ba.

Ba kowane sauyin launi ne ruɓewa ba, kuma ya kamata ka tantance kafin ka taɓa komai. Idan wurin da fenti ya fita ya yi toka-toka mai duhu, sumul, ba ya barin komai a yatsa, wannan rufin kariya ne da dalma ta yi wa kanta, kuma goge shi asara ce. Idan fentin ya ɓalle a kan hanci, gwiwa ko bakin bindiga amma ƙarfen da ke ƙasa lafiya lau yake, wannan alamar hannun yara ce da gogayya da juna. Wani lokaci kuma tsohon banish, wato man ƙyallin da ake shafawa a kan fenti, yakan yi fari-fari kamar hazo saboda laima, alhali ƙarfen bai san abin da ake ciki ba. Ruɓewa ta gaskiya ana gane ta da gari mai laushi fari ko fari-toka, da ƙananan ramuka a ƙarƙashinsa, da fentin da ya tashi daga ciki.

Akwai wasu cututtuka biyu da ake yawan rikitawa da wannan. Ɗaya ta kuza ce, wadda tsantsar kuza take sauya siffa ta zama toka mai marmashi idan ta daɗe a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13.2 a ma'aunin Selshiyas, amma wannan ba ta shafe ka ba, domin tana buƙatar sanyi mai tsanani na dogon lokaci, kuma ɗan haɗin dalma ma yana hana ta. Ɗayar kuma ta tutiya ce, wadda ke kama ƙananan motoci da jiragen wasa da aka zuba da haɗin tutiya marar tsabta, kamar wasu na kamfanin Dinky na shekarun 1930, inda ƙarfen yake kumbura ya tsattsage daga ciki har ya farfashe. Idan akwai 'yan motoci a cikin kayan mahaifinku kuma ka ga suna tsagewa ba tare da farin gari mai yawa ba, to ita ce, kuma ba ta da magani sai dai a rage mata sauri ta hanyar ajiya a busasshen wuri.

Kafin mu zo kan aiki, dole in tsaya a kan lafiyarka da ta iyalinka, domin garin nan guba ne, kuma ya fi dunƙulen dalma haɗari saboda yana tashi, yana manne wa yatsa, yana kuma narkewa a ciki idan an haɗiye shi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta yi sanadin mutuwar yara sama da 400. Garin da ke jikin 'yan sojoji bai kai ko kusa da wancan yawa ba, amma babu wani adadin dalma da aka tabbatar ba ya cutar da ƙaramin yaro, kuma illarta ga ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Saboda haka ka sa safar hannu ta roba da takunkumi mai tace ƙura, ka yi aikin nesa da madafa da wurin wasan yara, ka shimfiɗa takarda mai ɗan danshi domin ta kama abin da ya zuba, kada ka hura garin da baki, kada kuma ka share shi da tsintsiya. Mai juna biyu kada ta taɓa aikin. Cikin kabad ɗin ma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman da takardar a leda a jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba, kuma kada a ƙona su. Idan ka san yara sun taɓa wasa da su ko sa su a baki, ka kai su asibiti a auna dalmar da ke jininsu.

Mataki na farko kuma mafi muhimmanci ba ya buƙatar sayen komai: ka fitar da su duka daga kabad ɗin yau, ka jera su a kan farantin gilashi ko na tangaran a ɗaki mai iska wanda rana ba ta buga su kai tsaye, ka bar su su sha iska na makonni. A ganina wannan kaɗai ya kai rabin magani, domin muddin suna cikin iskar da ta lalata su, duk wani abu da za a shafa musu jinkiri ne kawai. Ka riƙa ɗaukarsu ta gindi ko ta gangar jiki, ban da ƙafa, hannu ko takobi.

Bayan haka sai tsaftacewa, kuma a bushe za a yi ta. Ka sami buroshi mai taushi irin na masu zane, ka riƙa share garin a hankali zuwa kan takardar, inda ya yi tauri kuma ka yi amfani da tsinken sakace, kana dubawa da gilashin ƙara girma idan kana da shi. Ka tsaya da zarar ka isa ƙarfe mai toka, kada ka nemi ƙyalli. Buroshin waya, takardar yashi da man goge ƙarfe duk za su cire fentin da ya rage su kuma karce dalmar, wadda ko farce yana iya yi mata tabo. Wanka da ruwa ma ban yarda da shi ba, saboda ruwa zai shiga ta hudar ya zauna a cikin fankon inda ba za ka iya busar da shi ba. Haka nan kada ka shafa man gyaɗa, man zaitun ko wani mai na girki da nufin kariya, domin idan suka tsufa sukan koma tsami su ci dalma. Gidajen tarihi suna da hanyar mayar da garin ya koma ƙarfe ta amfani da wutar lantarki a cikin wani ruwan sinadari, amma sun fi yin haka ga kayan da ba su da fenti, kamar tsofaffin hatimai da sulalla, kuma ba aikin gida ba ne.

Idan garin ya fita, wuraren da suka buɗe suna buƙatar rufi. Abin da masu adana kayan tarihi suka fi amincewa da shi shi ne wani ƙaro na roba mai suna Paraloid B-72, wanda ake narkarwa cikin wani ruwan sinadari mai suna asiton, kamar kashi 5 cikin 100, a ɗiga shi da bakin siririn buroshi a kan ramukan da gefen fentin da ya tashi domin ya kama shi ya zaunar. Falalarsa ita ce ba ya yin rawaya da tsufa, kuma ana iya cire shi daga baya idan an sami hanyar da ta fi. Sai dai asiton yana iya narkar da tsohon fenti, don haka a fara gwadawa a ƙarƙashin gindin wanda ya fi lalacewa, kuma a ɗiga sau ɗaya ba tare da gogawa ba. Wanda bai sami wannan ba yana iya shafa siririn kakin ma'adini irin wanda ake sayarwa da sunan Renaissance Wax, wanda aka haɗa shi a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya. Ƙafar dokin da ta karye ka ajiye ta a 'yar leda tare da dokin, kada ka liƙa ta da farin gam na kafintoci, domin shi ma yana fitar da asid ɗin khal, kada kuma ka kai wa mai walda, domin bangon zai narke kafin ya kama. Shi wannan Paraloid ɗin idan aka dama shi da kauri yana iya riƙe ƙaramar karaya. Ya kamata kuma ka sani tun yanzu cewa ƙarfen da ya riga ya zama gari ba zai dawo ba, ramukan za su kasance, kuma wanda ruɓewa ta ratsa shi har ciki sai dai a lallaɓa shi.

Batun sake fenti kuwa, ra'ayina shi ne kada ka yi. Fentin da ke jikinsu da hannu aka yi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne shaidar asalinsu; masu saye da masu tarawa sun fi daraja soja mai rabin fentinsa na asali a kan wanda aka sabunta, komai kyawun sabon. Ban da haka, sabon fenti a kan ruɓewar da ba ta tsaya ba yana ɓoye ta ne kawai, ta ci gaba da aikinta a ƙasa, kuma wasu fentocin mai suna fitar da tsami yayin da suke bushewa. Idan akwai ɗaya ko biyu da fentinsu ya tafi gaba ɗaya, kuma kana son ganinsu da launi saboda tunawa da mahaifinku, wannan zaɓinka ne, amma ka rubuta a takarda cewa an sabunta su domin wanda zai gaje su ya sani.

Saura wurin da za su koma, wanda shi zai nuna ko wahalar da ka sha za ta ɗore. Gidajen tarihi ba su yarda da wani katako, ƙyalle ko gam ya shiga akwatin nuni sai an gwada shi, kuma gwajin da aka fi sani shi ne wanda Andrew Oddy na Gidan Tarihin Birtaniya ya fito da shi a 1973, inda ake rufe abin da ake zargi a kwalba tare da 'yan guntayen azurfa, jan ƙarfe da dalma da ɗan ruwa, a ajiye a zafin digiri 60 na kwana 28, a ga wanne ya sauya. Abin da irin wannan gwaji ya nuna a tsawon shekaru a bayyane yake. Itacen ok na Turai yana cikin mafiya muni, katakon da ake haɗawa da gam kamar filawud da MDF su ma ba su da aminci, haka kwali na yau da kullum, da silikon ɗin liƙe gilashi mai warin khal, da soson katifa wanda idan ya tsufa yakan narke ya manne wa fenti. Abubuwan da aka amince da su su ne gilashi, ƙarfe mai gasasshen fenti, da roba nau'in da ake yin mazubin abinci da ita, wadda za ka ga alamar PP ko PE a gindinta. Idan har akwatinsu na asali yana nan, jan kwalin nan mai takarda a murfi, ka adana shi da kyau domin yana da daraja, amma a wani wuri daban.

Kana da zaɓi biyu. Ko dai ka ajiye su a buɗaɗɗen wuri mai zagayawar iska, a kan gilashi, sama da inda hannun yaro zai kai, ka jure share ƙurar hunturu da buroshi lokaci-lokaci, ko kuma ka rufe su a akwatin roba mai kyau wanda babu katako ko kwali a cikinsa, ka sa ƙunshin silika mai tsotse laima, irin wanda ake samu a kwalin takalmi amma mai yawa, tare da gawayin da aka sarrafa domin tsotse tururi, wanda masu kiwon kifin ado suke amfani da shi. Abin da ake nema shi ne laimar cikin akwatin ta tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100, kuma ƙaramin ma'aunin laima mai batir zai nuna maka haka. Silika yana ƙoshi da ruwa, saboda haka a riƙa busar da shi ko sauya shi, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Idan kabad ɗin mahaifinku yana da matsayi a zuciyarku har ba ku son raba shi da sojojin, mafi ƙaranci a shimfiɗa gilashi a kan kowane kanta, a huda bayansa domin iska ta wuce, a riƙa barin ƙofar a buɗe, ko da yake ni ba zan mayar da waɗanda suka riga suka kamu cikinsa ba.

Ka ɗauki hoton kowannensu da waya bayan ka gama tsaftacewa, gaba da baya da ƙarƙashi, ka sake dubawa bayan wata uku, sannan a ƙarshen kowace damina. Idan ka ga sabon gari ya fito a inda ka share, to akwai sauran tsami a ramin ko a wurin ajiyar, sai ka sake sharewa ka kuma binciki abin da ke kusa da su, tun daga gam ɗin da aka liƙe akwatin da shi har zuwa takardar da aka shimfiɗa a ƙasa.